Wankin ƙoda da tukunyar gidanmu a Garwa

Tun da gwamnatin Kamaru ta fito da tsarin tallafin lafiyar nan na CSU a 2023, kuɗin wankin ƙoda ya dawo 15,000 sefa a shekara, duk wanda ya gan ni a kasuwa sai yace "Malam ai yanzu kun huta." Toh Alhamdulillahi, ba mai raina wannan sai wanda bai taɓa biya ba, don da can kowane zama 5,000 ne, sau biyu a sati, in ka buga lissafin shekara 520,000 kenan, akwai waɗanda gona da shanu suka tafi ta wannan hanyar. Amma abin da mutane basa gani, injin nan awa 4 kawai yake riƙe ka sau biyu a sati, sauran kwanakin duka kai da tukunyar gidanku ne, ita kuwa tukunya ba a sa ta cikin CSU ba.

Ni tela ne a nan Garwa. Hawan jini ne ya cinye min ƙoda, irin wanda baya ihu sai ya gama ɓarna. Kafin a kai ga inji likita ya sa ni a rejim, a rage gishiri, a rage nama da kifi da ƙwai, saboda ƙodar da ta gaji bata iya fitar da dattin da furotin ke bari a jini. A lokacin dokar daidai take. Uwargida ta riƙe ta tamau, Inna ta riƙe, Adda babbar yayata kuwa ta fi kowa, in ta zo gidan sai ta buɗe tukunya ta leƙa kafin ta zauna a gaisa.

Sai ranar da aka sa min katete a wuya, wato tiyon da ake zurawa a jijiya don jan jini, aka ɗora ni kan inji. Bazan ja zancen allura da fistil, jijiyar hannu da ake yi wa aiki don a riƙa haɗa ka da inji ta nan, ba, wanda ya shiga ya sani. Abin da nake so a ji, daga ranar da mutum ya fara wanki dokar nama juyewa take yi gaba ɗaya, wanda ake wa wanki yana buƙatar furotin fiye da mai lafiya ma. Amma a satin nan hankalin wa yake kan miya? Ana neman masu ba da jini, ana neman kuɗin odonas, wato takardar magani, ana buga waya Marwa da Ngaundere ana sanar da dangi. An bamu takarda da Faransanci mai layi biyu, na ci da na bari, yarona ɗan lise, wato sakandare, ya karanta wa matan gidan, layin hani ya zauna a kai daram, ɗayan ya bi iska.

Daga nan masu dubiya suka karɓa. Kun san gidan mara lafiya, kowa likita ne. Wannan yazo yace kar a bashi wake, waccan tace mijin ƙanwarta madara ce ta ƙarasa shi, wani yace mai ma a bari, wani yace a Yawunde har albasa hana su ake yi, wani ya gani a Facebook wai ƙwai guba ne ga mai ƙoda. Kowa ya tashi tafiya sai ya tafi da abu ɗaya daga kwanona, ba wanda ya taɓa ƙara min ko ɗaya. Aka wayi gari abincina farar shinkafa da ɗan kabeji dafaffe, ba gishiri ba mai, da safe kunu tsururu rabin kofi. Kuma wallahi ko a jikina, don ni kaina abincin ya fita min a rai. Bakina ɗanɗanon ƙarfe yake yi, in ana soya nama a maƙwabta zuciyata tashi take, dattin nan ne da ya taru a jini yake kashe sha'awar ci. Ranar wanki kuma in na dawo gajiya ce kawai, in kwanta sai magariba, na rana ya wuce kenan. Tsoro da rashin ci suka haɗa kai.

Sana'ata ce ta fara tona asiri. Kaftanin da ni na yanka wa kaina, na san inda kafaɗarsa take zama, sai naga ɗinkin ya sauko min kan damtse. Zariyar wando ina ta ƙara ja. In zan yanka shadda a ninke almakashi yana fin ƙarfin hannuna sai na miƙa wa yaron shago, tashi daga sujada sai na dafa bango. Amma duk ranar wanki in na hau sikeli lambar nan ce dai bata motsa ba, a rubuta a karne, littafina na asibiti, kowa yace nauyinka lafiya lau. Ga yadda abin yake. Akwai nauyin da ake yanka maka tun farko, pwa sek, wato nauyinka in an cire ruwan da ya yi yawa, kuma injin kullum can yake mayar da kai. To in naman jikinka ya zube kilo 3 ba a gyara lambar ba, ruwa kilo 3 ne ya zauna a gurbinsa, sikeli bai san bambancin tsoka da ruwa ba. Shi ya sa ƙafa take kumbura da yamma, tansiyo, wato awon hawan jini, yana hawa duk da magani, da dare sai na tara filo kafin numfashi ya daidaita, amma a takarda ban rame ba.

Bilan, wato gwajin jini, ne ya raba gardama. Albimin ɗina, furotin ɗin da ake aunawa a jini, ya faɗi ƙasa da 35, alhali 40 ake so a gani. Dokta ya kira mu ofis ni da uwargida, bai ma fara da takardar ba, yace "Malam, jiya daga asuba zuwa kwanciya me da me ka ci?" Uwargida ce ta amsa, da ɗan alfahari ma don a ganinta ta kiyaye doka: kunu, shinkafa, kabeji, ba nama ba ƙwai ba mai. Ya yi shiru ya dube ta yace "Madam, ƙoƙarin naki ya yi yawa." Ya sa na cire riga, ya duba gefen goshina inda ya lotsa, ya taɓa ƙashin wuya da kafaɗa, ya matsa fatar bayan damtse, yace in matse masa yatsu iya ƙarfina, sannan ya ɗauko tef ya zagaya hannun da ba a yi wa aikin fistil ba, irin awon da ake wa yara masu tamowa. Ni da nake auna mutane shekara da shekaru, tun kafin ya karanta lambar na san bata yi kyau ba.

Yace matacin injin rariya ce mara wayo, tana fitar da datti amma tana haɗawa da abin kirki, kowane zama mutum yana asarar wajen giram 6 zuwa 12 na sinadaran da jiki ke gina tsoka da su, ban da ɗan jinin da ke maƙalewa a tiyo, ban da bitamin masu bin ruwa. Ga tsamin jini da masu ciwon ƙoda ke fama da shi, shima narkar da tsoka yake. Ga katete a wuya, in ya kama ƙwayar cuta albimin faɗuwa yake ko da kana ci, shi ya sa ya haɗa min da gwajin CRP, mai nuna ko jiki yana fama da ƙwayar cuta ko kumburi, kafin ya ɗora wa tukunya laifin duka. Kuma ya faɗa min gaskiya ba ɓoye-ɓoye, cikin masu wanki wanda albimin ɗinsa yake ƙasa shi ya fi kwanciya asibiti, shi ciwo ke daɗewa bai warke masa ba, shi kuma ya fi saurin tafiya. Potasiyom, sinadarin abinci da ke taruwa a jini ya tsayar da zuciya, a dare ɗaya yake kisa shi ya sa kowa ke tsoronsa, yunwa kuwa a hankali take aikinta ba mai lura. Gaba kura baya sayaki.

Ya ɗauki biro ya yi mana lissafi a bayan karne. Giram 1 zuwa 1.2 na furotin ga kowane kilo na nauyin mutum a rana, mai kilo 60 kenan yana neman 60 zuwa 72. Ƙwai ɗaya wajen 6 ne. Kifi gwargwadon tafin hannu wajen 20, dafaffen nama mai wannan girman ya ɗan fi haka, tuwo da shinkafa da burodi suma suna kawo nasu kaɗan kaɗan. Sannan dole a ci abin ƙarfi sosai, kalori 25 zuwa 35 ga kowane kilo, in ba haka ba jiki zai ƙone naman da ka ci don neman ƙarfi maimakon ya yi tsoka da shi. Wato mai ya dawo, tuwo ya dawo. Muka fito uwargida bata ce uffan ba har muka tare mashin, sai tace "Malam, to wa zai faɗa wa Adda?"

Aka fara sauke pwa sek ɗina a hankali har ɓoyayyen ruwan ya fita. Numfashi ya buɗe, amma sai ainihin ramar ta fito fili, Inna ta ganni ta fashe da kuka tace injin nan ne yake shanye min ɗa. Da kyar aka lallashe ta.

Aka ware min ƙaramar tukunya tawa daban. Abin da ya fi min wuya a farko ba ɗanɗano bane, kunya ce. Magidanci a zaune da ƙwai uku a gaba, yara suna shan kunu suna kallon hannunka, wallahi baya haɗiyuwa. Abin da ya warware mana, farin ƙwai furotin ne mai kyau kuma fosfor ɗinsa, wani sinadarin da ke taruwa a jinin mai ciwon ƙoda, kaɗan ne, gwaiduwa ita ce mai fosfor, sai aka raba, nawa farin duka da gwaiduwa ɗaya, sauran gwaiduwar na ƙananan, yanzu su suke tuna wa uwarsu in ta makara ɗorawa. Kifi kuma Allah ya rufa mana asiri muna bakin Binuwai ga Lagdo kusa, karfasa ɗanye ake sayo min, ba banda ko busasshen da ake dakawa da ƙayarsa a miya ba, don ƙayar nan fosfor ce. Nama a tafasa a zubar da ruwan farko, sannan a soya da man Diamaor da albasa da tafarnuwa da citta da masoro, a matsa lemun tsami a kai. In tururinsa ya dame ni a bar shi ya huce, mai sanyi baya tada zuciya irin mai zafi. Magi kam ya bar tukunyata gaba ɗaya, dunƙule ɗaya kusan rabinsa gishiri ne, 'yar daddawa ce ta riƙe miyar. Mai soya, wato tsire, na bakin layi ya san ni, nawa ba yaji ake gasa shi, kilishi kuwa sai dai kallo. Kuma na daina jiran yunwa don in ka jira ta bata zuwa, kaɗan kaɗan nake ci da agogo, da safe, da hantsi, azahar, la'asar, dare.

Yanzu potasiyom, don kar wani ya karanta wannan yace tela yace a ci komai. Layina Litinin da Alhamis ne. Daga Alhamis zuwa Litinin kwana 4 ba wanki, kuma ɗaurin aure da suna da walima duk a wannan tazarar suke faɗowa. Ƙasashen da ake wanki sau uku a sati tazararsu bata kai haka, shi ya sa takardun rejim da ake turo min daga intanet ba duka suke mana aiki ba. A jini 3.5 zuwa 5 ake so a gani, in ya haura 6 zuciya tana iya tsayawa, wani lokaci ba wata alama, wani lokaci ƙafafu su mutu, leɓe da yatsu su riƙa tsikari. Lokacin mangwaro naga an shigo da wani saurayi ɗan layinmu na wanki a ɗauke ranar Litinin, ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa, bishiyar gidansu ya zauna wa a gindi Asabar da Lahadi. Allah ya sa an ɗora shi da wuri ya tashi. Wasunmu har garin Kayexalate, maganin rage potasiyom, ake rubuta musu saboda doguwar tazarar nan.

Ayaba da avoka da dabino da lemu da kwakwa da aya, waɗannan kowa ya san su, ayaba ɗaya matsakaiciya ta haura miligiram 400, ni kuma wajen 2,000 aka yanka min a yini duka. Abin da takardar Faransanci bata sani ba shi ne miyarmu. Ruwan tokar nan da ake tacewa a sa a miya, cukkuri inji Fulani, potasiyom ne cike da shi tunda daga tokar kara da ciyayi ake samo shi. Kanwa ita kuma sodiyom ce, dangin gishiri, ƙishi da hawan jini take kawowa. Sai gishirin rejim na farmasi, Adda ta saya da kuɗinta mai tsada don tausayin miyata lami, Allah ya sa uwargida ta tafi da kwalin ta nuna wa infirmiye, ma'aikaciyar jinya, kafin a buɗe, ashe sodiyom aka cire aka zuba potasiyom a madadinsa, na masu hawan jini ne da ƙodarsu ke aiki, ga irina guba ne.

Ganye kuwa, yakuwa da tafasa da lalo da alayyafo da zogale, ba a hana su kwata kwata ba, dabara ake yi. A yanka, a tafasa cikin ruwa mai yawa, a tsiyaye a zubar da ruwan sannan a yi miya da shi. Dankali da doya haka, a fere a yanka ƙanana a dafa a ruwa mai yawa a zubar sannan in ana so a soya, ba a soya ɗanye ba a gasawa. Wake a jiƙa ya kwana a zubar, a tafasa a sake zubarwa, sannan ɗan ludayi guda, don furotin ne mai araha bai kamata talaka ya kore shi gaba ɗaya ba. Kuka ce dai bata da dabara tunda garinta ake kaɗawa ba abin da ake zubarwa, sai dai a rage kuma a jima ba a yi ba. Haka tumatirin gwangwani, haka gyaɗa, kuma kun san mu nan Arewacin Kamaru folere, wato yakuwa, ba gyaɗa ai ba miya bace, yanzu cokali ɗaya ake sa min don ƙamshi. In marmarin mangwaro ya matsa min, yanka ɗaya nake tafiya da shi in ci a farkon zama kan inji da sanin infirmiye.

Fosfor shi baya kisa nan take, ƙaiƙayi yake sa ka da dare har ka rasa inda zaka sosa, ga ciwon ƙashi. Matsalarsa kusan duk abin da ke da furotin yana da shi, so ba ta barin nama ake guje masa ba. Ƙwayar kalsiyom ake sha a tsakiyar cin abinci, loma biyu sai ƙwaya sai a ci gaba, don a cikin hanji take kama shi, in ka sha ta bayan awa ɗaya asarar kuɗi ka yi. Abin da ake yankewa shi ne wanda baya ƙara maka komai, baƙin lemun kwalba, furomaj, wato cukun shafa wa burodi, naman gwangwani, don fosfor ɗin da kamfani ya zuba kusan duka jiki ke tsotsewa, na hatsi da wake kuwa ba duka yake shiga ba. Madara da kindirmo ɗan kaɗan, hanta jefi jefi.

Sai ruwa. Wanda bai yi Maris da Afrilu a Garwa ba bazai gane ba, zafi ya haura 40 kowa rungume da gorar ruwan sanyi, kai kuma ance abin da ka yi na fitsari a awa 24 ka ƙara masa wajen rabin lita shi ne rabonka na yini, kuma a ciki har da kunu da shayi da romo da kankana. Lita ɗaya kilo ɗaya ce a sikeli, in kazo da kilo 4 ko 5 a kan pwa sek injin zai ja su cikin awa 4, ƙafa ta murɗe, tansiyo ya faɗi ka riƙa ganin duhu duhu. Gora ɗaya nake cikawa da safe, duk abin da na sha daga cikinta nake ragewa, kofina ɗan gilashin shayi ne. Ƙanƙara ta fi ruwa kashe ƙishi, uwargida tana daskarar min da ita da ɗigon lemun tsami a firigon maƙwabta in akwai wuta. Amma babban sirrin gishiri ne, ranar da na ci abin waje mai Magi ba gorar da zata ishe ni. Akwai kuma wani tarko da nake gani a ɗakin wanki, mutum don kar sikeli ya nuna ya ƙaru sai ya ƙi cin abinci jajibirin wanki, a yaba masa wai ya kiyaye, alhali jikinsa yake ci.

Inna kullum da rubutu take zuwa, kwano cike. Ba a ce wa uwa a'a a kan wannan. Na je da kaina wurin malamin nace "Allah gafarta Malam, a riƙa wanke allon da ruwa kaɗan, likita ya ƙayyade min," yace ai albarkar ba a yawan ruwan take ba. Jiƙe jiƙe da sassaƙe ne na tsaya kai da fata na ƙi, ba wanda ya san abin da ke ciki kuma ƙodar da zata fitar da shi babu.

Ni ina cikin gari, mashin ɗaya ya kai ni. Akwai masu zuwa daga Gidar da Figil har Poli. Wani dattijo da gadonsa ke kusa da nawa tun duhun asuba yake barin gida ba kari, ya jira layi, ya yi awa 4, ya koma tasha, sai dare zai sa wani abu a baki, kwana biyu kenan duk sati yana azumin dole. Nace "Baffa, ko ƙwai biyu ka riƙa dafowa mana," ya yi dariya yace "ɗana, kuɗin ƙwan ai shi ne kuɗin motar." Ni a ganina yawancin ramar da ake gani a ɗakin nan ba rashin sani bane, aljihu ne. Mutum ya bar sana'a saboda ciwo, ga mota, ga magani, ga gwaje gwaje, abin da ake fara yankewa a gida nama ne, kuma sai a fake da cewa ai dama likita ya hana. Yanzu dai burodi da ƙwai da albasa da nake tafiya da shi na mutum biyu ake haɗawa. A farkon zama muke ci, kaɗan, don akwai waɗanda in suka cika ciki a kan inji tansiyo faɗi yake musu, irinsu sai an sauke su suke ci.

Azumi na tambayi likita na tambayi malamai, aka tsaya a kan ciyarwa. Akwai 'yan layinmu da suke ɗauka ranakun da ba wanki da sanin likita, kowa da jikinsa. Amma ko baka ɗauka ba tabarmar buɗe baki tana gabanka, dabino da kunun gyaɗa da zoɓo mai sanyi da lemu da kankana, kusan duk abin da aka jera abin lissafi ne. Dabino ɗaya nake ɗauka in kau da kai. Cin abincin ƙofar gida da maƙwabta bayan isha'i kuwa da farko janyewa na yi don bana son tambaya, amma ni kaɗai a ɗaki loma biyu nake yi in ture kwano. Na koma cikinsu da kwanona daban, suna tsokanata wai tela ya zama Bature, amma ana hira ana dariya sai in ga na cinye.

Abin watanni ya ɗauka ba kwanaki ba. Da fistil ya nuna aka cire katete ci ya ƙaru sosai. Alamar farko ta cewa nama ya fara dawowa ma ba mai daɗi bace, sai na fara samun murɗewar ƙafa a awar ƙarshe da faɗuwar tansiyo alhali ban wuce gorata ba. Dokta ya danna ƙafa ba kumburi, ya saurari ƙirji ba ruwa, yace tsoka ce ta ƙaru, injin yana ta ƙoƙarin mayar da ni tsohuwar lamba yana jan ruwan da babu. Aka ɗaga pwa sek da rabin kilo, bayan wani lokaci aka sake ɗagawa. Shi ya sa in ka ji jikinka ya canza, ko ta sama ko ta ƙasa, kai zaka buɗe baki kace a sake duba lambar, ɗakin cike yake da mutane ba kullum ake lura ba. Adda ma sai da ta bi mu randebu, ranar ganin likita, ta ji zancen ƙwai daga bakin Dokta da kanta kafin ta sakar wa tukunyar mara.

Albimin ya hau amma bai kai 40 ba tukuna. Fosfor kuma ya biyo baya ya ɗan haura tunda nama ya dawo, aka ƙara min ƙwayar kalsiyom a abincin rana. Na roƙi Dokta fura da nono, yace rabin ƙaramin kofi sau ɗaya a sati, kuma a cire shi daga ruwan gora, sauran magana sai an ga bilan na gaba.